Matata Ta Tafi Goyon Ciki, Surukata Ta Ce a Gida Za Ta Haihu: Amsar Ungozomar Asibiti

Wani magidanci ya aiko da tambaya yana cewa matarsa tana ɗauke da cikin fari, ta shiga wata na tara, kuma iyayenta sun tafi da ita goyon ciki. Mahaifiyarta ta ce a ɗaki za ta haihu kamar yadda ita ma ta haifi nata 'ya'yan, har ta tanadi itacen wanka da kanwa. Ya ce yana jin nauyin surukarsa amma hankalinsa bai kwanta ba, yana so ya san abin da ya wajaba ya tsaya a kai da abin da zai iya bar wa manya, tun daga naƙuda har zuwa suna.

Malam, Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu. Na daɗe ina karɓar haihuwa, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne kada ka ɗauki surukarka a matsayin abokiyar jayayya. Tsarin jego da muka gada, inda mace take samun kwana arba'in ba ta daka ba ta girki, ana dafa mata, ana karɓar mata jariri ta yi barci, abu ne mai daraja wanda asibiti ba zai iya ba ta ba. Abubuwan da suke kashe masu jego da jarirai a cikin wannan tsari ba su da yawa, sanannu ne, kuma kusan dukkansu ana iya kauce musu idan an yi maganarsu tun ciwo bai tashi ba. Da zarar naƙuda ta kankama, ɗakin ya zama na mata, kai kuma kana waje, maganarka ba za ta ƙara shiga ba.

Ka fara da izini, domin shi ne a hannunka. Ban manta da wata yarinya da aka kawo mana da asuba ba, tafin hannunta fari fat, alhali tun bayan sallar isha'i take zubar da jini. Da muka tambayi dalilin jinkirin, aka ce mijinta yana kan hanyar fatauci, wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda ya yarda ya fitar da matar wani ba da yawunsa ba. Saboda haka ka je gidan surukanka da kanka, ka faɗa a gaban mahaifinta ko wanda yake tsaye a madadinsa cewa ka ba da izini a kai ta asibiti a kowane lokaci, dare ko rana, kana nan ko ba ka nan. Ka bar kuɗin mota da na magani a hannun Hajiya surukarka, ka yi magana da wani mai mota ko mai a-daidaita-sahu na unguwar wanda zai ɗauki waya da tsakar dare, sannan ka nemi 'yan'uwa biyu masu lafiya da suka amince za su ba da jini idan an buƙata. Ka duba katin awonta ka san rukunin jininta. Idan jininta mai alamar ragi ne, wato negetif, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa domin kare 'ya'yan da za ta haifa nan gaba, kuma sai an neme ta tun da wuri saboda tana da tsada kuma ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba.

Game da wurin haihuwa, ra'ayina a fili yake: haihuwar fari a asibiti ya kamata a yi ta. Ƙugun da bai taɓa haihuwa ba, babu wanda ya san ko kan yaro zai wuce ta cikinsa sai an gwada, kuma haihuwar da mahaifiyarta ta yi lafiya ba hujja ba ce a kan ƙugun 'yarta. Akwai kuma matsalar kunya. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan cewa mace ta gari ba ta raki, ba ta nuna ciwon haihuwar fari, sai yarinya ta shige ɗaki ta cije tun safe, ba a ankara ba sai ta galabaita. Idan kan yaro ya tsaya a ƙugu na tsawon lokaci, yana matse naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina kai masa, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Asalin yoyon fitsari ke nan, kuma wanda ya taɓa ziyartar cibiyar da ke Babbar Ruga a Katsina ya ga yawan 'yan matan da suke jiran ɗinki, ba zai ƙara ɗaukar doguwar naƙuda da wasa ba. Yankan gishiri, wanda wasu ungozomomi da wanzamai suke yi da nufin buɗe hanya, ba ya buɗe komai, domin abin da ya tare yaron ƙashi ne, kuma askar takan fasa mafitsarar da kanta. Haka nan jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda, da allurar naƙuda da ake kiran mai kemis ya zo ya yi a gida, da danna ciki daga sama, duk suna iya fasa mahaifa.

A tafi da ita da zarar ciwon mara da baya ya fara zuwa a jere yana ƙara ƙarfi. Kada a jira komai idan faya ta fashe, musamman idan ruwan ya fito kore-kore, ko ta ga jini, ko motsin yaro ya ragu, ko ta kamu da matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani da kumburin fuska. Waɗannan na ƙarshe su ne masu gabatar da jijjiga, wadda ta fi kama masu cikin fari, kuma maganinta allura ce da ake yi a asibiti, ba hayaƙi ko tura cokali a baki ba.

Zan daɗe kaɗan a kan jini, domin shi ne ya fi kashe mata a wajen haihuwa, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. A ƙarshen ciki, jinin da yake bi ta mahaifa a kowane minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye. Idan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, sai ta bar jijiyoyi a buɗe, kuma abin da yake rufe su shi ne mahaifar ta tsuke ta yi tauri ta matse su. Idan ta yi sanyi ta saki, jinin zai yi ta kwarara, kuma mace mai ƙoshin lafiya tana iya rasuwa cikin awa biyu. A wurinmu, jinin da ya kai rabin lita, wato cikin ledar ruwan sha guda ɗaya, ya riga ya wuce ƙa'ida. Matsalar ita ce a gida ana kallon wannan zuba da farin ciki, ana cewa ƙazamin jini ne yake fita, gara ya fita. Babu wani ƙazamin jini a cikinsa. Jinin jikinta ne wanda zuciyarta take aiki da shi, kuma yawancin matanmu suna shiga naƙuda da ƙarancinsa tun farko. A asibiti muna yin allurar oksitosin a cinya cikin minti ɗaya bayan fitowar yaro domin mahaifa ta tsuke, kuma wannan allura kaɗai ta isa dalilin zuwa. Idan haihuwa ta zo ba zato a gida ko a hanya, a sa jariri a nono nan take, a sa ta yi fitsari, a dafa ƙasan cibiyarta a murza har a ji mahaifar ta yi tauri kamar kwakwa, sannan a kama hanya. Kada a ja igiyar cibiya don a fito da mabiyiya, kuma idan ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, aikin ya fi ƙarfin gida. Ko a asibitin ma, kada ku matsa a sallame ta don 'yan barka suna jira. Ta cika awa 24 a gaban ma'aikata.

Shi kuma jariri, abokin gabarsa na farko sanyi ne. Ya fito daga wuri mai ɗumi, jikinsa a jiƙe, kansa babba, kuma ba ya iya rawar ɗari don ya ɗumama kansa. A goge shi sosai da zane mai tsabta, a jefar da jiƙaƙƙen zanen, a kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. A dakata minti ɗaya zuwa uku kafin a ɗaure cibiya a yanke, domin jinin da ya rage a mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinsa. Huɗuba ba ta buƙatar a ɗauke shi a fita da shi zaure. Kana iya sunkuyawa ka yi masa kiran salla a kunne yana kwance a jikin uwarsa. Wanka kuwa a jinkirta shi zuwa awa 24. Na san abin da za a ce maka, cewa idan ba a cuɗe shi da sabulu da soso tun a ranar ba zai tashi da ƙarni har girmansa. Wannan farin maiƙon da yake jikinsa kariya ne ga fatarsa, yana shigewa da kansa, kuma ba shi da alaƙa da warin jikin babba. Na sha karɓar jariran da aka yi wa wankan farko da asubar hunturu, aka kawo su jikinsu kamar ƙanƙara, sun kasa kama nono.

Dakashi shi ne wuri na biyu da za ka tsaya da ƙafafunka. Wannan ruwan nono na farko mai kauri, mai launin rawaya, wanda ake matsewa a zubar ana cewa bai nuna ba ko yana da dafi, shi ne rigakafin farko na yaro, cike da sinadaran da suke lulluɓe hanjinsa su kare shi daga gudawa da cututtuka, kuma yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. A wasu gidaje har yanzu ana gwada nonon mai haihuwar fari, a tatsa a jefa tururuwa a ciki, idan ta mutu a ce nonon mugu ne, a hana yaro sha har kwana uku ana ba uwar magani, shi kuma ana ɗura masa ruwa ko madarar shanu. Tururuwa tana nutsewa a kowane ruwa mai kauri, ba ta shaidar komai. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Cikinsa a ranar farko bai fi ɗaukar ƙaramin cokali ɗaya ba a kowane sha, don haka ɗan abin da yake fitowa ya ishe shi, kuma tsotson da yake yi ne yake kiran nonon ya kawo sosai a rana ta uku ko ta huɗu. Tsotson nan kuma yana sa mahaifa ta tsuke, shi ya sa uwa take jin ciwon mara idan tana shayarwa, kuma alama ce mai kyau.

Sunnar tauna dabino a shafa a dasashin jariri ba ta da matsala idan ɗan shafawa ne kaɗan da hannu mai tsabta. Zuma ce ban yarda da ita ba kafin yaro ya cika shekara, saboda takan ɗauki ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya kashewa, wadda take shanye masa jiki. Ruwa ma ba ya buƙata, ko a zafin Afrilu, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa, shi kuma a ƙara masa nono. Ya sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, a tashe shi idan barcinsa ya yi tsawo, kuma ya cika bakinsa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, ba kan kaɗai ba, in ba haka ba kan zai tsage uwar ta riƙa gudun shayarwa. Hanyar gane yana ƙoshi ita ce kashinsa ya juya daga baƙi zuwa rawaya kafin rana ta biyar, kuma daga nan ya riƙa fitsari aƙalla sau shida a rana. Ɗan raguwar nauyi a makon farko ba abin tsoro ba ne, yakan mayar da shi cikin mako biyu.

Cibiya ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jinin yaro, kuma yawancin ɓarnar da ake yi mata saboda gaggawa ce, ana so ta faɗi kafin ranar suna. Sai a yi ta gashi da tsumma ko tsingaro mai zafi, a shafa man goge baki, ko toka, ko gishiri, ko wani gari da aka daka. Ta nan ƙwayar tsinkau-tsinkau, wato tetanus, take shiga, kuma yadda take bayyana ba ya canzawa: yaron da yake shan nono lafiya, tsakanin rana ta uku da mako biyu sai ya daina kamawa, muƙamuƙinsa ya sarƙe, jikinsa ya riƙa sandarewa idan an taɓa shi ko an yi ƙara. Kaɗan ne suke tashi. Ka tabbata matarka ta karɓi allurar rigakafin wannan cuta a wajen awo. Abin da hukumomin lafiya na Najeriya suka amince a sa wa cibiya shi ne man kilohekzidin, wanda ake shafawa sau ɗaya a rana da wankakken hannu har kwana bakwai, a bar ta a waje ba a cusa ta cikin kunzugu ba. A kula ƙwarai kada a kuskure a ɗiga shi a ido, domin ya makantar da jarirai a inda aka ɗauke shi maganin ido. Cibiya takan faɗi da kanta tsakanin kwana 5 da 15, kuma babu laifi a yi suna tana nan. Idan gindinta ya yi ja, ko tana fitar da mugunya, ko tana wari, a kai shi a ranar.

Shawara, wato ciwon da yake sa jariri ya yi rawaya, tana ba ni takaici fiye da sauran, saboda maganinta mai sauƙi ne amma ana kawo mana ita a makare. Jarirai da yawa suna yin ɗan rawaya a rana ta biyu zuwa ta huɗu ya wuce da kansa. Mai haɗarin ita ce wadda ta bayyana cikin awa 24 na farko, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta zo da yawan barci da ƙin nono. Ɗakin mai jego yakan kasance da duhu, an rufe taga, an naɗe yaro, fatarmu kuma baƙa ce, don haka sai an neme ta da gangan. Kowace safiya a fito da shi bakin ƙofa inda akwai hasken rana, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa a ga launin da zai bayyana. Idan sinadarin da yake kawo rawayar ya yi yawa, yana shiga ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa: yaro ya tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya kasa zama da tafiya. Shanya shi a rana, ko ba shi ruwan gulukos ko saiwa, ɓata lokaci ne. A asibiti ana auna jinin, a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila ta musamman, idan ta yi tsanani a canza masa jini. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: yara maza da dama a ƙasarmu ana haifarsu da wani rauni na gado a ƙwayoyin jininsu, wanda yake sa ƙwayoyin su farfashe idan sun haɗu da kafur. Saboda haka kayan jaririn da aka adana a akwati da ƙwallayen kafur, a fitar da su a wanke a shanya tun yanzu, kuma a nisanta shi da hoda ko man shafawa mai mantoleta, da lalle.

Ranar suna wanzami zai zo. Aski da sabuwar reza ba ni da ja a kansa. Cire beli ne nake roƙonka ka hana, da tsaga, da abin da ake yi wa 'ya mace da sunan cire angurya. Beli halitta ce da kowa yake da ita, ba ya toshe maƙogwaro, ba ya hana shan nono, kuma jaririn kwana bakwai jininsa duka bai fi cikin kofin shayi ɗaya ba, ga shi bai iya daskarewa da kyau ba, abin da ya sa muke yi musu allurar bitamin K a ranar haihuwa. Na ga yaran da aka kawo da yammacin suna, jini yana bin bakinsu, baƙi ba su ma watse ba. Ka biya wanzami haƙƙinsa cikakke, har da abin da zai samu da ya yi, ka ce askin kawai kake so. Da wuya ya ƙi. Nonon jariri da yake kumbura, namiji ko mace, kada a matse shi, zai sace da kansa, matsawar ce take sa ya yi ƙurji. Kwalli ma a bar shi, domin yawancinsa yana ɗauke da dalma.

Yanzu ga itace da kanwar da Hajiya ta tanada. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Eldryd Parry, sun bayyana cewa ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a tsakanin matan Hausawa na yankin, kimanin mace ɗaya cikin ɗari, kuma suka danganta shi da shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya nuna cewa al'adar ba ita kaɗai ba ce, rama da talauci da hawan jini na ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom suna da babban hannu. Duk da haka, kanwa gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki ta ɗaga jini, zafi mai tsanani kuma yana ƙara wa zuciya aiki, kuma zuciyar da ta ɗauki nauyin ciki wata tara ba ta buƙatar ƙarin kaya. Shawarata ita ce a yi wankan, safe da yamma, da ganyen darbejiyar idan ana so, amma a surka ruwan har mai yin wankan ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar ta a ciki. Na yi jinyar masu jego da suka ƙone a baya da cinyoyi, na kuma ga waɗanda suka suma a banɗaki. Wadda aka yi wa tiyata, kada a watsa mata ruwa a kan ɗinkin, wadda aka ƙara kuma ta zauna a ruwa mai ɗumi kawai, ba tare da cusa komai ba. Kunu ya zama na gyaɗa ko na tsamiya, kanwa kuwa a bar ta gaba ɗaya ga wadda ta yi hawan jini ko kumburi. Ƙauri da gasasshen nama da hanta da ƙwai da wake da zogale, waɗannan ka ninka abin da aka saba kawowa, kuma ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini har wata uku.

A gaya wa masu kula da ita cewa idan ta fara haki, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, ko tana tari da dare, ko ƙafafunta suka kumbura, ko da bayan wata biyu ko uku ne, zuciya ce, ba sanyi ne ya shige ta ba, kuma ƙara zafin ruwa zai ƙara mata ciwo. Zazzaɓi da ciwon mara da jinin biƙi mai wari alamar ƙwayar cuta ce a mahaifa. Ciwon kai mai tsanani a makon farko yana iya zama jijjiga, domin tana zuwa bayan haihuwa ma. Kukan da babu dalili a rana ta uku zuwa ta biyar abu ne da mata da yawa suke yi ya wuce, amma idan ya zarce mako biyu, ko ta daina barci sam, ko ta ƙi jaririn, ko ta fara maganganun da ba a gane ba, kada a tsaya ga cewa iska ce. A yi mata addu'a, a kuma kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron. Kai ma kada kunyar surukai ta sa ka ɓace har arba'in. Mace takan gaya wa mijinta abin da take ɓoye wa mahaifiyarta.

Ga jariri, abubuwan da ba a kwana da su a gida su ne ƙin shan nono, da zafin jiki ko sanyinsa, da jijjiga, da rashin motsi sai an taɓa shi, da numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, da lotsawar ƙirji idan ya ja numfashi. Jariri ba ya jinya mai tsawo kamar babba. Wanda ya ƙi nono da safe yana iya zama cikin haɗari kafin magariba. Idan an haife shi bai kai kilo biyu da rabi ba, a ɗaure shi tsirara a ƙirjin uwarsa cikin riga dare da rana, kakarsa ko kai ku riƙa karɓarta. Kafin a bar asibiti ya karɓi allurar BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta wadda ta fi amfani cikin awa 24 na farko. A koma a duba su biyun a rana ta uku, da tsakanin mako ɗaya da biyu, da kuma mako na shida, ko da al'ada ta ce mai jego ba ta fita. Su kwana cikin gidan sauro, kuma garwashin da ake sawa a ɗaki don ɗumi kada a rufe ƙofa da taga a kansa.

Duk wannan ba kai za ka tsaya gaban surukarka ka karanta mata ba, domin za ta ji kamar ka raina haihuwar da ta yi da renon da ta yi, kuma tana da gaskiyar jin haka. Ka nemi wadda take jin maganarta, gwaggon matarka ko yayarka ko mahaifiyarka, ka zaunar da ita ka yi mata bayani, ita ta kai saƙon. Abin da ya fi wannan aiki a wurina shi ne ka roƙi Hajiya ta raka 'yarta awo na gaba, ta shiga ciki tare da ita. Idan sun shiga, a auna hawan jininta da yawan jinin jikinta, a duba kwanciyar yaron, sannan matarka ta ce wa ungozomar da ke aiki ta yi wa mahaifiyarta bayanin dakashi da cibiya da zafin ruwan wanka da bakinta. Mu mun saba da irin wannan zama, kuma sau da yawa kakar da aka girmama aka nuna mata man cibiya a hannunta, ita ce take komawa gida ta hana kowa kusantar jikanta da tsumman gashi.